Jinin A ko jinin B: tarawa kawai zan yi, ko in tara in cire?

Uwar Uku ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu lissafi a kawo mini ɗauki, tun jiya da daddare kaina ke ɗaukar zafi.

Na koma makaranta ne bayan shekara 11 rabona da aji. Karatun jinya nake yi, sai ga kwas ɗin ƙididdiga ya biyo ni har nan, abin da na zaci na bar shi a sakandare. An ba mu aikin gida a kan lissafin yiwuwa, da teburin mutum 200 da suka ba da gudummawar jini:

Rukunin O: 92
Rukunin A: 54
Rukunin B: 42
Rukunin AB: 12
Jimilla: 200

Tambayar farko ta ce: in aka zaro katin mutum ɗaya daga cikinsu ido rufe, mece ce yiwuwar jininsa ya zama A ko B?

Ga yadda na yi. Na tara 54 da 42, na sami 96. Sai na tuna da wata ƙa'ida da aka rubuta mana a allo, cewa in an tara abu biyu sai a cire inda suka haɗu. Na duba teburi, na ce ai ga inda A da B suka haɗu nan, sunansa ma ya nuna, AB. Na cire 12, ya rage 84. Na raba da 200, na sami 0.42. Na buɗe takardar amsa, sai na ga 0.48. Ƙawata da muke bita tare kuma ta rantse cewa ni da takardar duk mun yi kuskure, wai ƙara AB ya kamata a yi ba cirewa ba, ita ta sami 108 bisa 200, wato 0.54. Tambaya ɗaya, amsa uku.

Kashi na biyu ya fi ɓata mini rai. An sake kawo mutanen nan 200, amma aka raba kowane rukuni gida biyu, masu wata alamar jini da ake kira Rh (Rh+) da marasa ita (Rh−):

O: Rh+ 85, Rh− 7
A: Rh+ 50, Rh− 4
B: Rh+ 39, Rh− 3
AB: Rh+ 11, Rh− 1
Jimilla: Rh+ 185, Rh− 15

Aka ce a nemo yiwuwar mutum ya zama rukunin A ko mai Rh−. Tunda cirewa ta kayar da ni a ta farko, sai na ce wannan karon ba ruwana da cirewa. Na tara 54 da 15, ya ba ni 69 bisa 200, wato 0.345. Takarda ta ce 0.325.

To kun gani. Inda na cire, ba a so in cire. Inda na bari, nan ake so in cire. Ba amsar nake nema ba, tunda tana hannuna. Abin da nake so in sani shi ne, ta yaya mutum zai kalli teburi ya gane wanne zai yi? Ranar jarrabawa ba wanda zai ba ni takardar amsa.

Ɗan Gaggawa ya rubuta:

Wa alaikumus salam Anti. Abin ba wuya. A lissafin yiwuwa in abu biyu ne ninkawa ake yi. A shi ne 54 bisa 200, wato 0.27. B kuma 0.21. Ki ninka su, za ki sami 0.0567. Takardun amsa ma suna kuskure wani lokaci, kada ki yarda da su ɗari bisa ɗari.

Tsohon Malami ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata. Ɗan Gaggawa, sunanka ya bi ka. Zan dawo kanka, amma tun yanzu ka duba abu ɗaya: rukunin A kaɗai yiwuwarsa 0.27 ce. Yanzu mun ce A ko B, mun faɗaɗa ƙofa, kowanne ya zo mun karɓa. Ta yaya faɗaɗa ƙofa zai sa yiwuwar ta sauko zuwa 0.0567? Kafin mutum ya amince da kowace amsa, ya tambayi kansa ko ta yi kama da hankali.

Uwar Uku, tambayarki ta ƙarshe ita ce tambayar gaske, kuma na ji daɗi da kika yi ta haka. Na shekara da shekaru ina koyar da wannan babin, kuma abin da na lura shi ne yara suna haddace ƙa'idoji biyu, ta tarawa da ta tarawa-da-cirewa, sai ranar jarrabawa su yi canki-canka. Ni kuwa nakan ce musu su ajiye ƙa'idar tukuna su yi tunanin mutane.

Ki ɗauka mutanen nan 200 suna tsaye a fili guda. Kika ɗaga murya kika ce masu jinin A su fito. Mutum 54 suka fito. Kika ce masu jinin B su fito. Mutum 42 suka fito. Tambayar da za ki yi wa kanki guda ɗaya ce tak: akwai wanda ya amsa kira sau biyu? Akwai mutumin da da na kira A ya ɗaga hannu, da na kira B ma ya sake ɗagawa?

Babu. Katin kowane mutum rukuni ɗaya aka rubuta a kai. Wanda aka rubuta wa AB bai motsa ba a kiran farko, bai motsa ba a na biyu, yana jiran a kira nasa layin. Saboda haka waɗanda ke tsaye a gabanki 96 ne cif, ba wanda aka ƙirga sau biyu, ba abin cirewa. 96 bisa 200 shi ne 0.48. Irin waɗannan ake kira abubuwan da ba sa haɗuwa, ko masu kore juna: in ɗaya ya auku, ɗayan ba shi da wuri. A littafi za ki ga an rubuta shi haka, da harafin P a madadin yiwuwa:

P(A ko B) = P(A) + P(B) = 0.27 + 0.21 = 0.48

Da kika cire 12, kin kori mutum 12 daga cikin 96 ɗin nan ne alhali 'yan AB ba su taɓa shiga cikinsu ba. Sunan AB ne ya yaudare ki. Ba ke kaɗai ba, kuma ina zargin wanda ya tsara tambayar da gangan ya zaɓi rukunin jini don ya ɗana wannan tarkon.

Akwai hanyar da teburin kansa ke tona asiri. Ki tara layukan: 92 da 54 da 42 da 12. Sun ba da 200 daidai, adadin mutanen. In jimillar layuka ta yi daidai da adadin waɗanda aka ƙirga, kuma kowa yana cikin teburin, to kowa ya zauna a layi ɗaya ne kacal. Da a ce 'yan AB suna ɓoye a cikin 54 da kuma cikin 42, da jimillar ta zarce 200.

Yanzu mu je kashi na biyu, mu sake yin kiran. Masu jinin A su fito: 54. Masu Rh− su fito: 15. Akwai wanda ya amsa sau biyu? Ki duba layin A, ki gangara zuwa gidan Rh−. Mutum 4 ne a wurin. Waɗannan huɗun suna cikin 54, suna kuma cikin 15. Da kika ce 54 da 15, kin ƙirga kowannensu sau biyu. Kawunan da ke tsaye a fili 65 ne, ba 69 ba. 54 + 15 − 4 = 65, kuma 65 bisa 200 shi ne 0.325.

In ba ki yarda da cirewar ba, ga wata hanya wadda ni na fi so, domin ba a ɓata a cikinta. Ki sa yatsa a kan kowane gida na teburin da ya cika sharaɗin, ki ƙirga shi sau ɗaya: A mai Rh+ 50, A mai Rh− 4, O mai Rh− 7, B mai Rh− 3, AB mai Rh− 1. Jimilla 65. Gidajen nan takwas na teburi na biyu duk masu kore juna ne, mutum ba ya zama a gida biyu, shi ya sa za ki iya tara su hankali kwance. Matsala tana tasowa ne sa'ad da aka ɗauki jimillar layin kwance aka haɗa da jimillar layin tsaye, domin dole su gitta juna a gida ɗaya. Wannan gidan na mahaɗa shi ake cirewa.

Kuma ki sani, ƙa'idar nan ba biyu ba ce, ɗaya ce. Kullum tarawa ake yi a cire mahaɗa. Sai dai a tambayar farko mahaɗar sifili ce, cire sifili kuwa ba ya canja komai, shi ya sa ba a wahalar rubuta shi. Malamin da ya rubuta muku ƙa'idar a allo bai yi kuskure ba. Ke ce kika sa 12 a inda sifili ya kamata ya zauna.

Mai Gwajin Jini ta rubuta:

Baba Malam ya gama magana a ɓangaren lissafi, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai ina so in kare ƙawarki ne kaɗan, domin 0.54 ɗinta ba daga sama ta faɗo ba. Amsa ce ingantacciya, sai dai ta wata tambayar ce daban.

Aikina ke nan kullum a ɗakin gwaje-gwaje. Abin da muke dubawa a jikin jajayen ƙwayoyin jini wasu alamomi ne da ake kira antijin. Akwai antijin A, akwai antijin B. Mai rukunin A yana da na A kaɗai, mai rukunin B na B kaɗai, mai AB yana da duka biyun, mai O ba shi da ko ɗaya. In muka ɗiga jini a kan faranti muka sa masa ruwan gwaji na A, jinin mai rukunin A zai dunƙule, jinin mai AB ma zai dunƙule. To kin ga a nan 'yan AB suna amsa kira sau biyu.

Da tambayar ta ce mece ce yiwuwar mutum yana ɗauke da antijin A ko antijin B, da ga lissafin: masu antijin A su ne 54 da 12, wato 66. Masu antijin B su ne 42 da 12, wato 54. Masu duka biyun 12. Sai 66 + 54 − 12 = 108. A nan ne cirewarki ta 12 take da gurbi, 'yar'uwa, amma sai kin fara shigar da su sau biyu kafin ki fitar da su sau ɗaya. 108 bisa 200 shi ne 0.54 na ƙawarki. Kuma ki duba, duk wanda ke da antijin A ko B shi ne duk wanda ba O ba, 200 a cire 92, ya sake ba da 108. Hanya biyu, masauki ɗaya.

Wato teburi ɗaya, haruffa iri ɗaya, amma "rukunin A ko rukunin B" ba sa haɗuwa, "antijin A ko antijin B" kuwa suna haɗuwa. Kalma ɗaya ce ta raba 0.48 da 0.54. Tunda jinya kike karanta, wannan bambancin zai bi ki har bakin gadon majinyaci, ba a takardar jarrabawa kaɗai zai tsaya ba.

Abin sha'awa ma, shi kansa wanda ya gano rukunonin nan, Karl Landsteiner, a birnin Vienna a 1901, uku ya samo, bai ga AB ba. Sai a 1902 wasu abokan aikinsa biyu, Decastello da Sturli, suka gano na huɗun, domin shi ne mafi ƙarancin samuwa. An ba Landsteiner kyautar Nobel a 1930, kuma shi ne dai tare da Alexander Wiener suka bayyana Rh a 1940. Tsarin Rh daban yake da tsarin ABO, kowane mutum yana da matsayi a wannan yana da matsayi a wancan. Shi ya sa tambayarki ta biyu dole a sami mahaɗa: tambayoyi biyu ne ake yi wa jini ɗaya.

Ƙaramin jan hankali: lambobin teburin nan na aikin gida ne kawai. Yawan kowane rukuni yana bambanta daga al'umma zuwa al'umma, kada ki haddace su a matsayin na duniya.

Ɗan Gaggawa ya rubuta:

To na karɓi gyara, Baba. Amma tsakani da Allah an koya mana ninkawa, ban ƙirƙiro ta ba. Yaushe ke nan ake yinta? Kuma ni a wurina "ba sa haɗuwa" da "ba ruwan wani da wani" duk abu ɗaya ne.

Tsohon Malami ya rubuta:

Madalla da ka dawo, ɗana. Da yawa in an gyara musu sai su ɓace.

Ba abu ɗaya ba ne, kusan ma kishiyoyin juna ne, kuma wannan ruɗanin ya fi na Uwar Uku yawa a tsakanin ɗalibai. "Ba ruwan wani da wani" na nufin sanin ɗaya ba ya ƙara maka komai game da ɗayan. Ka jefa kwabo sau biyu: abin da ya fito a jifan farko bai gaya maka komai ba a kan na biyu. Yanzu ka dawo kan jini. Na zaro kati, na leƙa, na ce maka wannan mutumin rukunin A ne. Mece ce yiwuwar shi B ne? Kafin in yi magana 0.21 ce. Da na yi magana ta faɗi zuwa sifili. To ina "ba ruwa" a nan? Ruwa ma har wuya. Abubuwa biyu masu kore juna, muddin kowannensu yana iya aukuwa, ba za su taɓa zama marasa alaƙa ba, domin aukuwar ɗaya ita ke kashe ɗayan.

Lambarka ta 0.0567 ita ma tana da tambayar da take amsawa. Na zaro kati, na duba, na mayar cikin akwati, na girgiza, na sake zaro wani. Mece ce yiwuwar na farko A ne kuma na biyu B? Nan ne 0.27 sau 0.21. Zaro biyu ne, kuma kalmar "da" ce ke aiki, ba "ko" ba. In ban mayar da katin farko ba, saura 199 a akwati, sai lissafin ya zama 54 bisa 200 sau 42 bisa 199, kusan 0.0570. Bambancin kaɗan ne saboda mutanen suna da yawa, amma a akwati mai kati 10 za ka ji shi a jikinka.

A tambayar Uwar Uku kuwa zaro ɗaya ne, mutum ɗaya. Yiwuwar mutum guda ya zama rukunin A kuma rukunin B a lokaci ɗaya sifili ce, ba 0.0567 ba.

Ban cika son a ce wa yara "ko" tarawa ce, "da" ninkawa ce, a tsaya nan ba. Rabin gaskiya ce. Tarawa zalla sai in ba mahaɗa, ninkawa zalla sai in ba alaƙa. An ɗauki kan maganar an yar da sharaɗin, shi ya jefa ka inda ka faɗa.

Ƙa'idar tarawar nan kuma ba ƙaramar aba ba ce, ko da yake a aji ana wuce ta cikin minti biyar. Lokacin da masanin lissafin nan na Rasha, Andrey Kolmogorov, ya shimfiɗa tubalan ilimin yiwuwa a 1933, abubuwa uku ya ɗora ginin a kai: yiwuwa ba ta sauka ƙasa da sifili, yiwuwar dukkan abin da zai iya faruwa gaba ɗaya 1 ce, sannan yiwuwar abubuwa masu kore juna tarawa ake yi. Sauran ƙa'idojin da kuke haddacewa daga waɗannan suka fito. Har wadda Mai Gwajin Jini ta yi amfani da ita: "O" da "ba O ba" suna kore juna, kuma su biyun sun cinye kowa, don haka jimillarsu 1 ce, sai P(ba O ba) = 1 − 0.46 = 0.54.

Mai Tattara Bayanai ya rubuta:

Ina bin zaren nan tun safe. Bari in ƙara abu ɗaya daga wajen aji, domin teburin littafi a wanke yake, na wurin aiki kuwa ba haka yake zuwa ba.

Na taɓa shan kunya a kan wannan. An ba ni fom-fom da marasa lafiya suka cike, tambayar ita ce me ke damunka, kuma an yarda mutum ya zaɓi fiye da ɗaya. Na yi teburi mai kyau, kowace damuwa da layinta. A ce mutum 50 ne, ciwon kai 31, zazzaɓi 26, tari 18. Aka tambaye ni kashi nawa ne ke da ciwon kai ko zazzaɓi. Ban yi wata-wata ba na tara 31 da 26, na raba da 50. Ya ba ni 1.14, wato kashi 114 cikin ɗari. Har na fara rubutawa kafin wata abokiyar aiki ta leƙo ta tambaye ni ko mutanen sun haihu ne a cikin fom.

Teburin ya yi kama da na rukunin jini sak, layi-layi da lamba a gaba, amma jimillarsa 75 ce a kan mutum 50. Abin da Baba Malam ya faɗa ke nan na a tara layuka a gwada da adadin mutane. Kuma abin da ya fi ciwo, daga irin wannan teburin ba za a iya fitar da amsar ba sam, domin bai nuna mutum nawa ke da duka biyun ba. Iyakar abin da za a ce shi ne aƙalla 7 suna da duka biyun, tunda 57 ba za su shiga cikin 50 ba, kuma ba za su wuce 26 ba. Sai da na koma kan fom ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ni na yi sa'a lambar ta haura 1 ta tona kanta. Da 20 da 15 ne, da na sami 0.7 na miƙa, ba wanda zai ce uffan.

Wani wurin da ake zamewa shi ne teburin shekaru. Ka ga an rubuta 18 zuwa 25, 25 zuwa 35, 35 zuwa 45. Mai shekara 25 cif ina zai zauna? In mai ƙirga ɗaya ya sa shi sama, wani ya sa shi ƙasa, ko aka sa shi duka biyun, an ɓata teburin tun kafin a fara lissafi. Ko dai a rubuta 18 zuwa 24, 25 zuwa 34, ko a faɗa a fili cewa iyakar sama ba ta ciki.

Uwar Uku ta rubuta:

Kai jama'a, Allah ya saka da alheri. Baba Malam, wannan "wa ya amsa kira sau biyu" ya zauna mini daram. Na tura wa ƙawata bayanin antijin, yanzu tana ta murna wai dama ita ce mai gaskiya. Na bar ta.

Don in gwada kaina, na karɓi ɗan ludon yarana na jefa sau 60, babbar 'yata tana rubutawa. Ga abin da ya fito:

1: sau 8
2: sau 11
3: sau 9
4: sau 12
5: sau 10
6: sau 10

Na tambayi kaina yiwuwar 1 ko 6. Jifa ɗaya ba ya nuna fuska biyu, ba mahaɗa, 8 da 10 sun ba da 18 bisa 60, wato 0.3. Sai na ƙirƙiro mai wuya: lambar da ke rabuwa biyu daidai, ko lambar da ta fi 4. Na farko 2, 4, 6, jimilla 33. Na biyu 5 da 6, jimilla 20. Shida ta amsa kira sau biyu, na cire 10, ya rage 43. Na bi ta hanyar yatsa kuma: 11, 12, 10, 10, ya ba ni 43. Har na yi guɗa, yara suka zaci wani abu ne ya faru.

Amma ga sabon abin da ya tsaya mini. Ɗan ludo fuska shida gare shi, 1 ko 6 ya kamata ya zama 2 bisa 6, wato kusan 0.333. Ni kuma teburina ya ce 0.3. Na biyun ma ya kamata ya zama 4 bisa 6, kusan 0.667, ni na sami kusan 0.717. Ɗan ludon ne ya karkace, ko ni ce na sake yin wani kuskuren? In aka kawo irin wannan a jarrabawa, wanne zan rubuta?

Tsohon Malami ya rubuta:

Lissafinki daidai ne duka biyun, 'yata, kuma ban ga dalilin zargin ɗan ludon ba. Jifa 60 kaɗan ne. Ana sa ran 1 ko 6 su fito wajen sau 20, suka fito sau 18. Tazarar biyu ba komai ba ce, gobe in kin sake za ki iya samun 23.

Lambar da ake samu daga teburi kiyasi ce daga abin da aka gani ya faru. Ta 2 bisa 6 kuwa daga siffar ɗan ludon aka fitar da ita, bisa zaton duk fuskokin daidai suke. Yayin da jifa ke ƙaruwa, ta farkon tana matsowa kusa da ta biyun. Jacob Bernoulli ne ya tabbatar da haka da hujjar lissafi, aka buga aikin a 1713 bayan rasuwarsa. Akwai ma wanda ya gwada da hannunsa: John Kerrich, malamin lissafi daga Afirka ta Kudu, da aka tsare shi a Denmak lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya jefa kwabo sau 10,000, gefen kai ya fito sau 5,067. Wato 0.5067. Ya kusa rabi ƙwarai, amma ko a jifa dubu goma bai zama rabi cif ba. To ke da 60 me za ki ce?

Teburin jinin ya ɗan bambanta, ki lura. Tunda daga cikin mutanen nan 200 ɗin ake zaro katin, 0.48 ba kiyasi ba ce, ita ce yiwuwar kanta. Tana zama kiyasi ne in kika ɗauke ta kika ce haka abin yake ga mutum na 201 da zai shigo gobe.

A jarrabawa, in an ba ki teburi aka ce ki yi amfani da shi, rubuta ta teburin, 18 bisa 60, ko da ranki yana gaya miki 2 bisa 6. In ba teburi, aka ce ɗan ludo ne lafiyayye, sai ki koma ga 2 bisa 6. Ki ce wa 'yar taki ta ƙara jifa 240 a kan na jiya su cika 300, ki kawo mana sabon teburin mu ga inda 0.3 ɗin ta koma.